Ƙarfen Rediyon Rafin Gora

Ran Asabar kuka same ni a gindin mangwaron nan na ƙofar gidana a Romi, kuka ce in ara muku belet ɗina na hawa. Wai an ba ku aikin gyaran eriya a wata ƙaramar tashar rediyo, kuma tun da kun saba hawa rufin gidaje kuna kafa sola, wannan ma hawa ne kawai, in dai mutum ba ya jin jiri. Ban hana ku ba, ban kuma ba ku ba. Na ce ku dawo yau ku zauna tukuna. To ga benci nan. Belet ɗin yana ɗaki, ba inda zai je.

Ni ba da hawa na fara ba. Lantarki na koya, na yi shekara goma sha ɗaya ina gyaran wayoyin injuna a wata masaƙa a Kakuri, har ranar da muka je da safe muka tarar da kwaɗo a get. Lokacin ina da mata da yara uku. Na yi ta buga-buga, yau gyaran fanka, gobe jan waya a sabon gini, sai wata Lahadi bayan an tashi coci a Unguwar Boro wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa. Oga Pam ke nan, mutumin Filato, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda kowa ya san sana'arsa hawa dogayen ƙarafan da ake ɗaura eriya a kansu.

Ya ce, "Bitrus, an ce ka iya waya."

Na ce, "Na taɓa kaɗan, Oga."

"Ka iya jira?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Bai yi dariya ba. Ya ce in same shi Litinin da sassafe.

Wata uku na yi ƙafata ba ta bar ƙasa ba, ni da nake magidanci da gemu. Aikina jan igiya, ware noti da 'yan zobban ƙarfensa, da kallon sama. Oga Pam yana can ƙololuwa kamar ɗan tsuntsu, in ya sauko sai ya tambaye ni, "Daga ina iska ta juya ɗazu?" In na ce ban lura ba, sai ya gyaɗa kai kawai, gobe ma ina ƙasa. Shi ya koya mini gaisawa da ƙarfe kafin a hau shi. Irin siraran nan da ƙananan tashoshi ke kafawa ba sa tsayuwa da kansu, wayoyi ne ke riƙe da su ta gefe uku. Sai ya je gindin kowace waya, ya buga mata sifana a hankali, ya kara kunne. Wadda ta ɗauru daidai tana amsawa da wani dogon amo mai daɗi kamar tsirkiyar molo, ya tafi sama ya dawo. Wadda ta saki tana yin wani dum mara rai. In uku ɗin ba su yi murya ɗaya ba, ba ya hawa, ko da mai aikin zai yi ta zagi har yamma.

Hawana na fari a nan Kakuri ne, a ƙarfen wani kamfani mai tsawon ƙafa ɗari da hamsin. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ƙarfen yana tafiya. Daga ƙasa za ka rantse a tsaye yake cak, amma in ka wuce rabi sai ka ji yana lilo da kai sannu sannu, ya je ya dawo, kamar kana goye a bayan mace mai tafiya ba sauri. Na ƙanƙame shi na rufe ido. Oga Pam yana sama da ni ya ce, "Kada ka yi faɗa da shi. Bi shi." Da na buɗe ido sai ga garin duka a shimfiɗe. Ga kogin Kaduna yana ƙyalli yana lanƙwasa, hazon safiya kwance a kansa kamar auduga. Ga layin dogo ya miƙe har ya ɓace. Ga rufin masaƙarmu, wanda na yi shekaru a ƙarƙashinsa ban taɓa ganin bayansa ba, ciyawa ta tsiro a indararonsa kore shar, tattabaru suna yawo a kai. Wata shirwa ta zo daidai fuskata ta tsaya a iska ba ta ko kaɗa fiffike, ta dube ni da ido ɗaya, ta wuce abinta.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Belet mai ƙugiya biyu, domin kafin ka cire ɗaya sai ɗayar ta kama. Hular kwano. Jakar fata a ƙugu, sifana uku, fulaya, wuƙa, tef mai hana ruwa. Kowane ƙarfe da ke cikin jakar da zarensa ɗaure, don noti ɗaya in ya faɗo daga can yana iya fasa kan wanda ke ja maka igiya. Ba a hawa bayan ƙarfe goma na safe lokacin zafi, ƙarfen zai ɗauki wuta ya sale maka tafin hannu. Ba a wuce gaban eriya sai an kashe injin watsa shiri, kuma ba a yarda da bakin kowa a kan haka, kai za ka shiga ɗakin ka gani da idonka, ka sa makullin a aljihunka. Sannan rina. Suna son yin gida a kusurwar ƙarfe, a inda hannunka zai sauka. In ka gan su ka tsaya, ka yi numfashi, ka canja gefe. Wanda ya kai musu duka a can sama, hannu ɗaya ya rage masa.

Mun yi wa manyan kamfanoni aiki, masu mota da takardu da injiniya mai farar riga. Amma aikin da nake tunawa in na zauna a nan da yamma, na ƙananan tashoshin karkara ne. Akwai ɗaya a Rafin Gora, can kudu cikin ƙasar citta, tafiyar rabin yini daga nan. Ɗaki biyu ne a bayan tsohon ɗakin taron gari. An manna kwalayen ƙwai a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ga tebur ɗaya, makirfo biyu, da agogon bango wanda kullum yana gaba da minti biyar. Shugabar wurin Madam Rifkatu, tsohuwar malamar firamare, doguwa mai tabarau a kan hanci, wadda rabin magidantan garin sun sha bulalarta suna yara. Ba mai karɓar albashi a tashar. Safe da yamma suke buɗewa, da Hausa da kuma yaren garin. Suna faɗin ranar awon ciki da ranar rigakafi, da yadda kasuwa ta ci jiya don kada dillali ya zo ƙofar gona ya yi wa mutum wayo, da akuyar wane da ta ɓace mai baƙi a kunnen hagu. Ran Laraba mata ke da makirfo. Ran Juma'a limamin garin, ran Lahadi fastoci suna karɓa bi da bi.

Aikinmu na farko a can shi ne ƙara wa ƙarfen tsawo. Akwai wani ƙauye da ake kira Bayan Dutse, mil huɗu kacal, amma wani ƙaton dutse ya tsaya tsakani, ita kuwa muryar irin wannan rediyo ba ta iya shan kwana, inda ido ke kaiwa nan take kaiwa. Mutanen ƙauyen suka yi karo-karo, mata suka sayar da acca, aka sayo gaɓa biyu ta ƙarfe. Kwana huɗu muka yi muna ɗorawa. A rana ta biyar Oga Pam ya zauna a tashar, ni kuma na hau acaɓa da ƙaramin rediyo rataye a wuya, muna tafiya ina saurare. Wata mata ce ke bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Muka shiga inuwar dutsen, muryarta ta fara shaƙewa, ta nutse cikin shuuu kamar wadda ta shiga ruwa, na ce shi ke nan mun yi aikin banza. Muna fitowa kan wani ɗan tudu sai ta taso tar, tana cewa cokali nawa, ba ta ma san ta ɓace ba. Haka ta raka mu har tsakiyar ƙauyen. Wani tsoho da ke saƙar kwando a gindin ɗorawa ya karɓi rediyon daga wuyana, ya riƙe da hannu biyu, ya saurara, ya ce, "Wannan ai 'yar Danladi ce. Ashe ta yi baki haka?" Bayan wata biyu mutanen Bayan Dutse suka fara zuwa tashar da kansu, suna faɗin rijiyar burtsatsensu da ta shekara biyu a mace. Kowace Laraba sai sun faɗa, har wanda abin ke hannunsa ya gaji da jin sunan ƙauyen, aka zo aka gyara.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda citta ta ruɓe. Oga Pam ya riga ya rasu, a kan gadonsa, cikin 'ya'yansa, kamar yadda ya sha cewa mai hawan kirki ke mutuwa. Aiki ya yi ƙaranci, hanyoyin kudu ba daɗi, ba mai bin su sai rana ta ɗaga sosai. Damina ta yi nisa sai ga wayar Madam Rifkatu.

Ta ce, "Bitrus, tsawa ta faɗa mana. Yau kwana shida muryarmu ba ta fita ba."

Na ce, "Madam, watan Agusta ne fa. Ba a hawa yanzu. A bari ruwa ya ɗan ja baya."

Ta ce, "Ka zo ka ga gonaki. In ka gani ka ce a bari, sai a bari."

Tun kafin in isa na gani ta tagar mota. Gonakin citta da na sani kore har iyakar ido sun koma rawaya kamar an watsa musu ruwan zafi. Da na sauka kuwa wari ne ya tare ni, wani tsami mai nauyi. Wani manomi ya ciro mini saiwa ɗaya, ya matsa da yatsa, ta fashe kamar dafaffen dankali. A ƙasar nan citta ita ce kuɗin makaranta, ita ce rufin kwano, ita ce auren ɗa. Kuma da tashar ta yi shiru, kowa da abin da ya ji. Wasu sun ce sammu ne. Wasu baƙi sun shigo da jarkoki suna sayar da wani ruwa mai kumfa wai magani. Mafi muni, mutane sun fara tone abin da ya rage suna tarawa wuri ɗaya, mai ciwo da mai lafiya, don su tsira da iri.

A tashar na tarar da malamin gona na yankin, Malam Iliya, siririn mutum da takalmin roba duk taɓo. Shi kaɗai ne a kan ƙauyuka fiye da yadda babur ɗinsa zai iya zagawa, ga rafuka sun cika. Ya ce mini, "Oga Bitrus, abin da zan faɗa bai fi minti goma ba. Kada a haɗa iri. A tuge mai ciwo a ƙone. A buɗe wa ruwa hanya. Kada a shiga gona mai lafiya da fartanyar da ta fito daga mai ciwo. Ina faɗa a ƙauye ɗaya, kafin in kai na gaba sun riga sun haɗa."

Na duba injin, Allah ya taimaka bai ƙone ba, fis ɗin wuta ne ya tsinke, da wani ɗan abu da na zo da irinsa. Na tona ramin wayar ƙasa, wadda ya kamata ta kwashe tsawar ta kai ƙasa, na tarar tsatsa ta cinye ta. Muka sa sabuwa, muka zuba gawayi da gishiri muka rufe. Sauran ɓarnar tana sama, inda kebul ya haɗu da eriya.

Washegari da safe na hau. Mutane sun cika gindin ƙarfen, wasu tun daga Bayan Dutse, kowa da rediyonsa a hannu kamar masu jiran a raba wani abu. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ake kira Kaka Asabe, ta zo da kujerarta 'yar tsugunne ta kafa a gaba, ta ɗora rediyo a cinya an ɗaure murfin batirinsa da tsumma. Na isa sama na tarar da mahaɗar ta narke ta zama dunƙule baƙi. Na yanke, na fere kebul ɗin, na fara haɗa sabuwa. Aikin awa ɗaya ne. Na yi rabi sai na ji iska ta canja, ta zo da sanyi a bayan wuyana. Na waiga gabas. Hadari ya taso daga bayan duwatsu, baƙi ƙirin, gindinsa a daidaice kamar an yanka da wuƙa. Yana da nisa. Wataƙila minti arba'in, wataƙila ashirin. Abin da ya rage mini bai fi na minti ashirin da biyar ba.

Na naɗe bakin kebul ɗin da leda da tef, na mayar da sifana jaka, na fara sauka.

Ina taka ƙasa aka yi mini ca. Wani magidanci ya ce, "Haba Oga, ko ɗigo bai fara ba!" Wani ya ce mutanen birni haka suke, ba gonarsu ba ce. Malam Iliya ya juya yana kallon gonaki, wannan ya fi mini zagin ciwo. Hadarin kuma, don ku ji, bai zo ba. Ya tsaya can ya yi ta gurnani, ya karkata kudu ya zubar a wani wuri. Rana ta fito, ƙarfen ya yi zafi, yinin ya tafi a banza, kuma na san a yinin nan wasu sun haɗa irinsu.

Kaka Asabe ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Ɗana, tsoro ka ji?"

Na ce, "E, Mama."

Ta ce, "To madalla. Da ka faɗo, wa zai hau gobe? Waɗannan masu bakin?" Ta ɗauki kujerarta ta ce a ajiye mata wurinta.

Wannan saukar ita ce aikin da ya fi kowanne wuya a shekaruna na sana'ar nan, kuma ita nake so ku riƙe. Hadari tara cikin goma zai wuce bai taɓa ka ba. Ba za ka san wanne ne na goman ba, kuma mutanen da ke ƙasa ba za su gode maka ba.

Kashegari gari na wayewa na kama ƙarfen, yana jiƙe da raɓa. Hazo ya rufe garin, ina hawa ina shiga cikinsa har na daina ganin mutanen ƙasa, sannan na fito ta samansa. Sama garau. Ƙarƙashina fari fat ko'ina, sai kawunan duwatsu da na giginya sun ɓullo nan da can kamar tsibirai, ni kaɗai da ƙarfen da ke lilo a hankali. Na gama haɗin ban yi gaggawa ba, na naɗe tef hawa uku, na ɗaure kebul ɗin gaɓa gaɓa. Na sauko ƙasa da eriya inda ba za ta cuce ni ba, na kafa ƙugiyoyina biyu, na zura makullin ɗakin inji cikin jaka na sauke da igiya, na yi kira a kunna.

Na jima ban ji komai ba sai iska. Can sai wata 'yar ƙaramar murya ta taso daga cikin hazon, daidai gindin ƙarfen, muryar Madam Rifkatu tana gaida jama'a. Sai wata ta kama daga hagu, wata daga wajen kasuwa, wata can nesa bakin rafi inda ban ma san akwai gida ba. Ɗaya bayan ɗaya gidaje suna kamawa, duk murya ɗaya, tana tasowa daga ƙasar da ba na gani, kamar hazon ne da kansa ke magana. Wani wuri aka rangaɗa guɗa. Sai muryar Malam Iliya ta shigo, yana faɗa dalla-dalla, ya faɗa da Hausa, wata mata ta juya da yare, ya sake faɗa. Hazon ya fara yagewa, rufin kwano suna fitowa ɗaya ɗaya, ga mutane tsaye a tsakar gidaje ba mai motsi, ga wani a kan hanyar gona ya tsaya da keke ya kara rediyo a kunne.

Ba zan ce muku rediyo ta ceci citta ba. Yawancinta ta tafi, shekarar ta yi wa mutane ɗaci, yara da yawa sun zauna a gida zangon karatu guda. Amma waɗanda gonakinsu ke kan tudu sun ji, sun ware irinsu ba su haɗa ba, masu jarkoki kuma suka rasa kasuwa suka bar garin. Da shuka ta zagayo, a tashar nan aka riƙa sanar da wanda ke da iri mai lafiya da wanda ke nema, ana ba juna kwano kwano, mai acca ya kawo acca, mai akuya ya kawo akuya. Daga wannan ɗan abin aka sake tashi.

A ranar dai ban san duk wannan ba. Na fi minti ashirin a rataye a wurin, aikin ya ƙare, ba abin da ya riƙe ni, har rana ta fara dumama ƙarfen a tafin hannuna. Da na sauko taron ya watse, kowa ya nufi gonarsa, masu zagin jiya ma ba wanda ya tsaya. Kaka Asabe kaɗai ta rage a kan kujerarta, rediyon yana ta magana a cinyarta.

Ta ce, "Tun ɗazu aka kunna. Me ka tsaya yi a can?"

Na ce, "Saurare nake, Mama."

Ta dube ni, ta dubi ƙololuwar ƙarfen, ta girgiza kai. Sai ta matsa gefe a kan 'yar kujerar da ko ita ba ta isa ba, ta ƙara ƙarar rediyon, ta ce, "Zauna nan ka ji da kyau. Za su maimaita."